Mai Walƙiya a Tsibirin Agwagi

Ƙarar ba ta yi kama da kukan tsuntsu ba, ba ta yi kama da iska a ramin dutse ba. Siririya ce, tana hawa kamar kukan sauro, sai ta tsinke da wani ɗan "ɓat", a yi shiru, ta sake hawa.

Aslaug ta tashi zaune a kan gado. Dare ne irin na tsakiyar shekara a can arewacin duniya, wanda rana ke tsoma ƙafa cikin teku ta fasa nitsewa, don haka ɗakin da haskensa tarwai.

A tsibirin Skarvholm ba a ƙara a wannan wata. Agwagin teku na kwance kan ƙwai a akurkan da aka gina musu tsakanin duwatsu. Ba a buga ƙofa, ba a hura murhu da safe, har sai sun ƙyanƙyashe sun bar laushin gashin ƙirjinsu a sheƙa, a tsince a ɗinka barguna.

Ta zura rigar sanyin babanta, ta wuce ƙofar ɗakinsa a kan yatsun ƙafa, ta bi ƙarar har rumfar jirgin maƙwabciyarsu Borghild, can ƙarshen tsibirin inda babu sheƙa ko ɗaya.

Ta leƙa. Wani mutum ne durƙushe gaban kwando. Cikin kwandon kaza ce kwance kan ƙwai, a samanta an rataye ƙwallon ragar kamun kifi an ɗora masa hula.

"Vemund!"

Ya juyo, fitilar hoto a hannunsa, ya ɗora yatsa a baki.

"Yi a hankali, za ki tada mini malamata."

"Me kake yi a nan? Ka haukace ne? In Baba ya gan ka..."

"Kakarki ce ta kira ni a waya. Jirgin wasiƙu ya ajiye ni, Borghild ta ɓoye ni, ta kuma ara mini kazarta."

Aslaug ta jingina da bango. Sai ga hawaye.

Bara, daidai wannan lokaci, Vemund ya zo daga kudu ɗaukar hotunan masu kiwon agwagi. Tun kafin ya ƙare aikin ya manta da hanyar gida, ita kuma ta manta cewa ta taɓa rantsewa ba za ta so ɗan birni ba. Rannan da yamma ya tarar da Kaka Gunvor tsugune gaban akurkai, ya ɗaga kyamara da fitila a bisa kanta, ya saki haske iya ƙarfinta.

Agwagin layin nan duka suka tashi fir. Kafin a ankara hankaki sun sauka kan ƙwai. Abin da tsohuwa ta yi shekaru tana lallashi ya watse kafin a ƙifta ido. Hoton ma da ya fito, fuskar Kaka fara fat kamar faranti, tsibirin a bayanta baƙi wuluk.

A wannan ranar ce Oddvar, mahaifin Aslaug, ya sa shi a jirgi da hannunsa. Tun daga nan mutanen tsibiri ke ce masa Mai Walƙiya.

Babu mai iya hana Aslaug aure, mace ce da ta kusa talatin, da aikinta a asibitin gari. Oddvar ma bai ce ya hana ba. Abin da ya ce kawai: "Ki aure shi in kin ga dama. Amma ba hannuna zai shigar da ke coci ba, shi kuma ƙafarsa ba za ta sake taka Skarvholm ba." Ita ko ta san kanta, ba za ta iya auren da zai raba ta da dutsen da aka haife ta a kai ba.

"Me Kaka take so da kai?" ta tambaya tana share ido da hannun riga.

"Hoto. Ita da ke da Petra."

Petra ita ce tsohuwar agwagwar da ke kwanciya ƙarƙashin rabin kwalekwalen marigayi mijin Kaka, wanda aka kife aka fafe masa ƙofa. An sa mata sunan ne saboda tafiyarta sak ta matar wani fasto da aka yi a da. Ita kaɗai ce ba ta gudu bara ba, don akurkinta na bayan tudu.

"Petra? Ka kai fitila gaban Petra? Vemund, ita kaɗai ta rage mata!"

"Na sani."

"To don me ka yarda?"

"Ta ce wannan ne zamanta na ƙarshe a tsibiri. Likita ya ce zuciyarta ba za ta ƙara ɗaukar hawa dutse ba, da sanyi ya shigo gidan tsofaffi za a kai ta. Ta ce ni na ɓata, ni zan gyara. Me zan ce mata?"

"A ɗauka ba fitila mana."

"Ƙofar Petra na bai wa rana baya. In na gyara kyamara don fuskokinku, sama da teku su wanke su zama farin takarda. In na gyara don teku, ku zama inuwa. Ita kuma ta ce tana son ta riƙa ganin ruwan daga gadonta, kuma tana son ta gane jikarta."

Ya nuna mata fitilar. Ya ce in ya cika ta da ƙarfi sai ta yi wannan kuka kafin ta sake cika, yana rage ta kukan na raguwa. Tun da maraice yake ragewa yana duban idon kaza. Yanzu ya kai inda kazar ba ta ko motsa wuya, ƙwallon mai hula kuwa, da ke tsaye a madadin mutum, na samun haske a fuska.

"Kaza ba agwagwar teku ba ce," in ji Aslaug.

"Shi ya sa nake jin tsoro."

Ta kifa kai a kafaɗarsa ta yi kuka mara sauti, don ko kuka a wannan wata a hankali ake yin sa.

Da safe Kaka Gunvor da kanta ta riƙo hannun Vemund ta shigo da shi kicin.

Oddvar na zaune yana shafa wa burodi man shanu. Kusa da shi Steinar ne, mai jirgin nan mai gudu da ke kawo musu tukunyar gas da kayan masarufi. Tun suna yara yake son Aslaug, kuma duk tsibirin ya san shi Oddvar ke so ya zama surukinsa. Ya kawo kek, ya kawo gahawa mai zafi a fulas.

Wuƙar ta tsaya a hannun Oddvar.

Duk wanda bai taɓa ganin faɗa cikin raɗa ba, bai ga abin mamaki ba. Jijiyar wuya ta tashi, ido ya yi ja, amma muryar ba ta fi ta mai gaya wa jariri barci ba.

"Mama, me wannan yake yi a gidana?"

"Gidanka? A ɗakin can na haife ka, kan gadona. Baƙona ne."

"Ba zai kwana a tsibirin nan ba."

"Ya riga ya kwana. Da kaza ma."

Steinar ya yi murmushi, ya tura kofi gefe. "A'a, Mai Walƙiya, ka dawo ƙarasa aikin ne? Hankaki sun yi ta cigiyarka, sun ce tun bara ba su ƙara cin biki irin naka ba."

"Steinar, rufe mana baki," in ji Aslaug.

"Ƙyale shi," Vemund ya ce. "Gaskiya ya faɗa." Ya juya ga Oddvar. "Ban zo in ce ban yi laifi ba. Na shigo muku da hasken da ya fi wanda na tarar, ban tambayi kowa ba. Shekara guda ke nan ina koyon yadda ake rage shi."

"Koyo," Oddvar ya maimaita. "A kan agwagwar uwata za ka gwada koyonka?"

"Agwagwata ce, ba taka ba," Kaka ta ce. "In ta tashi, ni na yi asara. Oddvar, dube ni. Zan tafi wani ɗaki mai taga ɗaya da ke kallon wurin ajiye motoci. Kana so in tafi da hoton nan na bara, ina kama da gawar da aka tsamo daga ruwa?"

Oddvar ya sunkuyar da kai. Ya daɗe yana duban burodin.

"Sau ɗaya," ya ce. "Yau da yamma. In Petra ta bar ƙwanta..."

"In ta tashi zan tafi," in ji Vemund. "Ba zan dawo ba, kuma ba zan ƙara neman Aslaug ba."

"Wa ya ba ka izinin yin alkawari da ni?" Aslaug ta juyo masa, hawaye na zuba. "Ni kaya ce da za ku ɗora a kan ƙwan agwagwa?"

"Aslaug, in na sake ɓata wa Kaka, da wane ido zan zauna da ke? Ke kanki duk ranar da kika dube ni abin da za ki gani ke nan."

Ta san gaskiya ne, shi ya fi yi mata ciwo.

Steinar ya miƙe yana kakkaɓe garin kek daga wando. "Bari in kai jakarsa jirgina tun yanzu, kada a sha wahalar nema daga baya."

Ba wanda ya hana shi.

Da rana Aslaug ta tarar da babanta a bayan gidansu yana juya ciyawar teku da aka shanya don sheƙoƙin baɗi. Ta tsaya a kansa.

"Baba, me ya sa ka tsane shi haka? Kuskure ya yi."

"Ban tsane shi ba."

"To mene ne?"

Ya ci gaba da juya ciyawa. "Kin ga Kakarki a daren da abin ya faru? Ba ki gani ba, kina ɗaki kina yi wa ɗan kudu kuka. Ni na bi ta. Tana rarrafe tana tsintar ɓawon ƙwai tana zubawa a aljihu, tana ba su haƙuri da sunayensu. Ranar da aka binne ubana ma ban ga ta yi haka ba."

"Baba..."

"Mutumin da bai san inda ake rage murya ba, yaya zan ba shi ke? Steinar ko ba komai ya san lokacin da ake kashe inji."

"Steinar ɗan'uwana ne a zuciyata, ba zai taɓa wuce haka ba. Ka sani, shi ma ya sani." Ta durƙusa ta riƙe hannunsa mai kaushi. "Ba na so in zaɓa tsakaninku. Ba zan iya ba. In ya tafi yau zan zauna, zan yi maka girki, zan zagaya akurki, amma rabina ne zai zauna."

Bai janye hannun ba.

Da rana ta sauko arewa maso yamma ta fara shafa wa ruwa zinariya, suka hau bayan tudu. Kaka na gaba, Aslaug na tallafe da ita, Oddvar na biye, Vemund a baya ya cire takalmi yana tafe da safa. Steinar ya tsaya can ƙasa wajen jirage.

Tun daga nesa Vemund ya tsaya. Ya dubi sandar fitila mai ƙafa uku da farar lemar da ya ɗauko, ya dubi kifaffen kwalekwalen, ya girgiza kai.

"Ba zai yiwu da waɗannan ba," ya raɗa. "Ba ta san su ba. Ni ma ba ta san ni ba, dole in tsaya nan in janyo ku da dogon gilashin kyamara."

"To ka kafa fitilar a nan kusa da kai," in ji Oddvar.

"In tana nesa sai na cika ta da ƙarfi kafin ta kai fuskokinsu, shi ne walƙiyar bara. In tana kusa, ɗan ƙis ya isa. Wanda Petra ta saba da shi ne zai riƙe ta."

Aslaug na cikin hoto. Kaka na cikin hoto. Duk suka dubi Oddvar.

"Ni?" Ya ja da baya. "In riƙe abin nan da hannuna?"

"Kai ka gyara mata rufi bana," in ji Kaka. "Ta fi sanin warin rigarka da na mijinta. Riƙe, ɗan nan, ba cizo take ba."

Ta kwance tsohon farin ƙyallen da take ɗaurawa a gaba in za ta zagaya akurki, wanda ya sha wanki har ana ganin yatsa ta cikinsa. Vemund ya shimfiɗa shi a zoben ragar kwasar kifi, ya ɗaure fitilar a bayansa, ya naɗe jikinta da safar ulu don ko ɗan kukan da ya rage kada ya fita.

Ya miƙa wa Oddvar. Hannayensu suka haɗu a kan sandar.

"Ta gefe, sama da kai kaɗan. In na ɗaga hannu ka matsa kusa, in na sauke ka ja baya."

Oddvar ya karɓa kamar wanda aka ba macijin da ba a tabbatar ya mutu ba.

Kaka ta zauna kan dutse a bakin ƙofar tana ɗan guna-gunin da take yi wa agwagi, wanda ba waƙa ba ne ba magana ba. Aslaug ta tsuguna kusa da ita. Daga cikin duhun kwalekwalen Petra ta dube su da ido ɗaya, ƙirjinta lume cikin toka-tokan gashi.

Vemund ya kwanta rub da ciki kan dutse. Aslaug na hango shi. Da farko ya ɗauka ba fitila, ya duba, ya murɗa, ya sake, har sai da sama da teku suka zauna masa yadda idonsa ke ganinsu. Ta san a wannan hoton ita da Kaka inuwa ce kawai. Saura fuska.

Ya ɗaga hannu. Oddvar ya matso taku ɗaya. Ya sake ɗagawa. Ya ƙara matsowa.

Vemund ya danna. Ƙyallen ya yi ɗan fari, ya koma.

Petra ta miƙe wuya.

Agwagwar ta juya kai hagu, ta juya dama, ta ɗan ɗaga ƙirji har aka hango koren ƙwai ɗaya a ƙarƙashinta. Can bisa tudu wani hankaka ya gyara tsayuwa.

Kaka ba ta fasa guna-guninta ba, amma yatsunta sun nutse a hannun Aslaug.

Vemund ya ajiye kyamara a ƙasa. Ya kifa goshinsa kan dutse. Aslaug ta gane ya fasa, ya gwammace ya rasa hoton da ya sake dannawa.

Sai ta ga babanta ya motsa.

Ba wanda ya ce masa ya yi. A hankali, kamar yadda yake shiga tsakanin iska da ashana, Oddvar ya zagayo ya tsaya ta yadda faɗin jikinsa ya tare ƙofar kwalekwalen. Ya miƙa sandar gaba, ya karkata ƙyallen ya dubi fuskar uwarsa da ta 'yarsa kaɗai. Inuwarsa ta rufe Petra.

Agwagwar ta daɗe tana duban bayan rigar da ta sani. Sannan ta girgiza jiki, ta gyara ƙwai da baki, ta koma ta lafe.

Oddvar ya waiwaya ya yi wa Vemund alama da haɓa: tashi, yi aikinka.

Amma kafin ya ɗaga kyamara wani gajimare ya rufe rana. Zinariyar ta mutu, ruwa ya koma kalar kwano. In ya danna yanzu fuskoki za su fi duniyar da ke bayansu haske, kowa ya gane ƙarya ce. Vemund ya fara murɗe-murɗen kyamara.

Oddvar ya dubi sama, ya girgiza masa kai. Ya buɗe tafin hannunsa na hagu: dakata. Mutum ne da ya ƙare rayuwarsa yana karanta gajimare.

Suka jira. Hannunsa na dama da ke ɗage da sanda ya fara makyarkyata, bai sauke ba. Kaka ta raɗa wa jikarta, "Daina haɗe rai, ke, kamar wadda aka aika kiran likita. Ni ce mai mutuwa, ba ke ba."

Dariya ta kubce wa Aslaug tare da hawaye. Daidai nan gajimaren ya tsage, Oddvar ya sauke hannunsa na hagu alamar a danna, ƙyallen ya yi ɗan numfashi na haske.

Petra ko ido ba ta buɗe ba.

Sai da suka sauko nesa da tudu sannan Vemund ya juya musu bayan kyamara.

Ga teku da zinariyarsa, ga ƙananan tsibirai baƙaƙe har ƙarshen gani, rana ta zana farin zare a gefen gashin Kaka. Ga fuskarta, kowane layi na tsufa a wurinsa, idonta na ƙyalli. Ga Aslaug tana dariya da jiƙaƙƙen kunci. A ƙasa, cikin inuwa, ga kan Petra, hasken yamma kaɗai ya taɓa ta.

"Ashe har yanzu da saurana," in ji Kaka. "Mai Walƙiya, da na rage shekara sittin da Aslaug ba ta same ka ba."

"Na gode, Kaka," ya ce. "Na gode da kika sake ba ni dama."

"Ni ke da godiya. Yanzu ko ina suka kai ni, da tagata zan tafi."

Oddvar ya karɓi kyamarar, ya kawo ta kusa da ido, ya nisantar, ya sake kawowa.

"Ina hasken da na riƙe?"

"Yana nan a fuskarsu."

"Ban gan shi ba. Wannan ai rana ce."

"In ka gan shi, na yi kuskure ke nan."

Babban yatsan Oddvar ya shafi gefen gilashin, wajen fuskar uwarsa.

"Ka ajiye kyamara ɗazu," ya ce, bai ɗago ba. "Na gan ka."

"Ta miƙe wuya."

"Da ka danna da wataƙila ka samu hotonka."

"Da wataƙila ta tashi. Hoton naka ne, ba nawa ba. Ni ban yi tunanin tare ta da jiki ba."

"Uhm," in ji Oddvar. Ya miƙa masa kyamarar, ya share hanci da bayan hannu, ya nufi gaɓa.

Aslaug ta bi shi da ido, hannunta cikin na Vemund, ba ta san ko ta yi murna ko ta yi kuka ba. Alkawarin tafiya in Petra ta tashi aka yi. Ba wanda ya yi alkawarin zama in ba ta tashi ba.

Steinar na zaune a gefen jirginsa. Tun daga fuskokinsu ya karanta labari.

"Ba ta tashi ba?"

"Ba ta tashi ba," in ji Oddvar.

Steinar ya dubi Aslaug, ya dubi hannayen nan biyu da ke haɗe. Ya ɗan yi dariyar da ba ta kai zuci ba.

"To, na yi wa Kaka murna. Da gaske nake. Mai Walƙiya, in ka sa ta kuka, ni da hankaki mun san inda kake."

"Steinar," Aslaug ta ce, "na gode."

"Kada ki gode mini, ban yi komai ba."

Oddvar ya sunkuya cikin jirgin, ya ciro jakar Vemund, ya saɓa a kafaɗa. Steinar ya kwance igiya, ya tura jirgin da ƙafa. Bai taɓa inji ba. Ya ɗauki filafili ya yi ta tuƙa wannan ƙaton jirgi da hannu, a hankali, bai waiwayo ba.

Oddvar ya hau hanya da jaka. Inda hanyar ta rabu, hagu zuwa rumfar da Vemund ya kwana, dama zuwa jan gidansu, ya tsaya ya gyara ta a kafaɗa. Kaka da Aslaug suka tsaya.

Ya bi dama.

Borghild na jingine da shingenta, kazar nan a hammata. Ta bi su da kallo ɗaya bayan ɗaya, ta ɗaga raɗarta iyakar yadda watan ya yarda.

"Kai, Oddvar! Baƙona ne fa. Ina za ka kai masa jaka, ɗakin baƙi ko ɗakin ɗa?"

Oddvar ya tura ƙofa da gwiwar hannu a hankali, ya shige, ya bar ta a buɗe.